Jarrabawar da Torika Ta Ci Wa Masta Epeli

Torika Naivalu ta shekara talatin da huɗu tana buga takardu a kwalejin horar da malamai da ke Labasa. Ta zo daga tsibirin Koro tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin kwano da takardar shaidar koyon tafireta, aka ba ta tebur kusa da taga. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu, ta aurar da biyu, duk tana kan wannan tebur, injin ne kawai ya yi ta canzawa har ya zama kwamfuta. Babu malamin da ba ta san cikinsa ba. Ta san mai maimaita tambayoyin bara, ta san wanda sai ta gyara masa Turanci kafin takardarsa ta fita. Ba ta taɓa tona kowa ba. Sai dai in kun haɗu a baranda ta yi maka wani ɗan murmushi da zai sa ka wuni kana tunanin me ka rubuta.

Da kwalejin ta yanke shawarar fara koyarwa ta intanet, saboda malaman firamare na ƙananan tsibirai da jirgin ruwa ke leƙa su sau ɗaya a mako biyu, sai aka turo Misis Naidu daga Suva, babban birni, ta horar da malamai. Ta buɗe wa kowa shafinsa, ta ce darasi goma ne, kowa ya yi a lokacin da ya samu, jarrabawa na ƙarshe. Ta hau jirgi ta koma, ta ce daga can za ta riƙa dubawa.

Ba a yi kwana uku ba tsofaffin malamai suka fara leƙo ofishin Torika ɗaya bayan ɗaya. Wannan da ƙullin gwaza, wancan da ƙaguwa a ɗaure, malamar lissafi da gurasar roti mai zafi a cikin tawul. Kowa ya gama gaisuwa sai ya ajiye 'yar takarda a ninke, kalmar sirrinsa ce a ciki. Torika ta karɓi shida. Ta yi musu aikin da tsoron Allah, ta auna wa kowa maki daidai kansa, wani sittin da biyar, wani saba'in, tana faɗuwa wasu tambayoyin da gangan don kada a yi zargi.

Na bakwai shi ne Masta Epeli, malamin tarihi, ɗan shekara sittin da ɗaya, mai ɗaura zane irin na mazan ƙasar, da karin guga kamar wuƙa. Ƙauyensu da nasu Torika taubasai ne tun kakanni, kowa na iya zagin kowa ba damar fushi, shi kuwa ya daɗe yana cin wannan gajiyar. Kaza yake kiranta, wai don ta wuni tana tsattsagar inji. Hannu rabbana ya shigo, ya jefa takardarsa a tebur, ya tuna mata cewa mutanen Koro dama don hidimar mutanensu aka halicce su.

"Ki yi min wanda ya fi na kowa, Kaza. Kada ki ba ni kunya."

"To, taubashi," in ji ta. "Yadda ka ce haka za a yi."

Ɗari bisa ɗari ta ci masa. Ba ta tsaya nan ba, ta shiga zauren tattaunawa da sunansa tana amsa tambayoyin malaman wasu kwalejoji, har ta rubuta cewa babu abin da zai faranta masa rai a tsufansa kamar ya koya wa 'yan'uwansa wannan ilimi.

Bayan mako uku shugaban kwaleji ya tashi a taron malamai yana fara'a, ya ce Masta Epeli ne ya zo na ɗaya, don haka shi zai jagoranci horon daga yanzu, kuma ranar Juma'a zai gwada koyarwa a gaban Misis Naidu. Aka yi tafi. Mutum shida suka fi kowa tafawa, har malamar lissafi tana share hawaye.

Ana tashi ya nufi ofis. Torika ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce kaza ba ta jin magana sai an watsa mata tsaba. Washegari ya dawo da ƙullin saiwar yangona, wadda ake kai wa manya gaisuwa, kamar mai zuwa gaban sarkin ƙauye, ya naɗe zanensa ya zauna a ƙasa, ya roƙe ta da cikakken sunanta. Ta tafa hannu sau uku yadda al'ada take, ta karɓa.

Kwana huɗu tana koya masa, ƙofa a buɗe, wai zafi ya yi yawa. Duk mai wucewa ya ga Masta Epeli ya ɗaga linzamin kwamfuta sama yana nuna allo da shi, ya ji Torika tana cewa ya ajiye, ba talabijin ba ce. Da yatsa ɗaya yake neman haruffa yana zargin wanda ya jera su da rashin tarbiyya.

Ranar Juma'a ya shiga shafinsa lafiya, ya kunna kyamara, goshinsa kaɗai ya bayyana a bango. Ya yi minti shida yana bayani a kan zuwan jiragen ruwan farko tsibiran, ba wanda ke jin sa a ɗaya ɗakin da aka tara malamai suna kallo, don bai buɗe sauti ba. Misis Naidu, da ta dawo don gwajin tana zaune kusa da shi, ta bari ya kai aya, sannan ta ce tana da 'yar tambaya. Ta lura malamai bakwai sun yi darussansu a kwamfuta ɗaya, kullum tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana, tana so ta san ta wane ne.

Masta Epeli ya gyara zama.

"Ta taubashiyata ce," ya ce. "Ita ta fi mu duka, amma don Allah kada a faɗa a Koro."

Misis Naidu ba ta kai ƙarar kowa ba. Ta soke makin bakwai ɗin, ta roƙi shugaba ya ba Torika aikin horarwa. Suka sake zama jarrabawar Torika na zagaya su da hannu a baya. Masta Epeli ya ci hamsin da biyu, ya ce a tarihin kwalejin ba a taɓa yi wa mutum fashin maki arba'in da takwas da rana tsaka ba.

Yanzu duk Laraba yana koyar da malamai arba'in da uku da ke warwatse a tsibirai, kuma sun ce darasinsa ya fi na kowa daɗi, in dai ya tsaya a kan lokaci. Ba ya tsayawa. Shi ya sa Torika ke zama a gefe, in ya wuce da minti goma ta kashe masa sauti, shi kuwa ya ci gaba da bayani yana kaɗa yatsa. Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya ta koma Koro. Ta riga ta gaya masa tana isa za ta yi rajista a ajinsa, kuma tana da tambayoyi da yawa.