Ranar da Baba Ya Zare Fis a Takur

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Hudu mai gyaran wuta, kuma har yau ban huce da mutanen layinmu na Takur ba.

An haife shi zamanin Turawa, ya koyi aikin lantarki a Kano wajen waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsu. Abin da ya ɗauko a can shi ne ba a yarda da wuta sai an auna ta. Mu kuwa nan Dutse da ido muke awo. In ƙwai ya yi ja kamar garwashi mu tsine wa masu wuta, in ya yi fari tas mu ce yau an cika mana.

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan Alhaji Ɗanladi, maƙwabcinmu, wutar da ta daɗe tana rarrafe ta zo da ƙarfi. Fankoki suka kama gudu, lasifika ta buɗe murya, ana ta murna. Baba ya ɗora mitarsa, allurar ta wuce iyaka tana rawa. Ya gane wayar da ke daidaita ƙarfin wuta ta tsinke a taransifoma. Bai tsaya shawara ba, ya je ya zare fis ɗin layin gaba ɗaya.

Alhaji ya fito a gaban baƙinsa daga Ringim ya ce, "Malam Hudu, baƙin cikin har ya kai ga littafin Allah?"

Baba ya ce, "Alhaji, wutar nan ba ta da lafiya, ƙone muku kaya za ta yi."

"To me ya ƙone?"

Babu abin da ya ƙone, don ya riga ta. Shi ke nan bai da shaida. Daga ranar aka daina kiran sa aiki a layin, in ya yi sallama a majalisa a amsa a ciki-ciki. Sunan mai hassada ya bi shi har ya kwanta ciwo.

Yau kusan kowane gida a layin akwai sitabilaiza mai nuna lamba, ana leƙa ta kafin a kunna firji. Da Baba zai gani, na san dariya zai yi ya ce madalla. Ni ban gaji wannan haƙurin ba. Sun yarda da akwatin ƙarfe, amma mutumin da suka yi shekaru suna salla sahu ɗaya da shi sun ƙi.

Gidajensu na nan tsaye ba su ƙone ba, abin da ya bari ke nan, kuma ba wanda ya san aikinsa ne. Ranar sadakar uku Alhaji Ɗanladi ya riƙe hannuna a gaban jama'a ya ce, "Yaro, ka kwantar da hankalinka. Abin da ya yi mana ranar walima, mun yafe masa."

Na ce na gode, don tarbiyyar Baba ce a bakina. Allah Ya jiƙan sa. Amma wannan yafiyar, Alhaji, ni ban yafe ta ba.