Wa Ya Ƙirga?

Duk wanda ya yi aiki da Baba Bulus a ofishin ƙididdiga na jami'armu ya san tambayarsa: "Wa ya ƙirga?" Ko cewa ka yi an cika maƙil a ɗaurin aure, sai ya sauke tabarau ya jefo maka ita. Maƙwabcina ne a Tarauni, shi ya koya mini aiki, kuma tare muke jiran adaidaita a Gyadi-Gyadi kowace safiya.

Aikinmu mu aika wa sassa fom, su rubuto yawan ɗalibai da malamai har da kujeru, mu haɗa mu tura Abuja. Kowa abin da aka kawo masa yake haɗawa, ban da Baba. Wani Farfesa ya taɓa rubuto cewa kujerun ajinsa duk garau suke. Baba ya ɗauki biro ya tafi, ya tarar da wata mai ƙafa uku an jingine ta da bango.

"Haba Baba, ai ana zama a kanta," in ji Farfesa.

"To bismillah, ranka ya daɗe."

Farfesa ya dubi kujera, ya dubi babbar rigarsa, ya karɓi biro ya gyara.

Ranar da aka kawo mana kwamfuta aka ce ita za ta riƙa haɗa jimla, sai da ya zagaye ta sau biyu. "Ita wannan ta taɓa shiga aji?" Kai, Baba!

To, ga wadda ban taɓa faɗa muku ba, kuma har yau kunyarta nake ji. Wata shekara ya tafi ƙauye bikin 'yarsa, ya bar mini jerin sunayen malamai. Ƙyuya ta kama ni, na kwafe na bara na canja shekara. Da ya dawo ya ce, "Wa ya ƙirga?"

"Ni, Baba."

Ya sa hannu bai ko buɗe ba.

Ashe Dakta Garba na ciki, mutumin da ni da Baba muka je gaisuwar rasuwarsa a Hotoro! Magatakarda ya kira mu yana huci, ni kuwa lokacin ba a tabbatar da ni a aiki ba. Takardar tuhuma ɗaya ta isa ta mayar da ni gida.

"Wa ya yi wannan shirmen?"

Baba ya ce, "Sa hannuna ne, ranka ya daɗe." Aka saka masa takardar a fayil, ta farko tun da ya kama aiki, ina tsaye ina kallon takalmina.

A cikin adaidaita ya juyo ya ce, "Istifanus, Dakta Garba na gaishe ka. Ya ce a rage masa darussa." Ya yi ta dariya shi kaɗai har Tarauni. Amma daga ranar bai sake yi mini tambayar nan ba. In na kawo fom sai ya yi godiya, ya ɗauki bironsa ya fita. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sha shirya ba shi haƙuri, kullum ina cewa gobe.

Bana da jerin ma'aikata ya zo, ofis-ofis na bi da ƙafata. Na ƙare a teburin Baba, na zauna, na cire sunansa da hannuna.

Baba, na ƙirga. Ka yafe mini. Ubangiji Ya ba ka hutawa, Ya ta'azantar da Mama da yara.