Shanun Ɗanjuma a Kwamfuta

Duk wanda ya san kasuwar Boɗinga ya san rumfar Haliru mai caji, wadda ta jingina da katangar masallaci. Da gyaran rediyo ya fara. Rediyo ya ja baya, ya koma waya. Daga baya wani ɗalibi ya nuna masa yadda ake tayar da ƙananan kwamfutocin nan masu faɗin littafi, waɗanda manhajar Windos ta yi wa nauyi har suka daina tashi. Akwai wata manhaja, Linuks, ba a sayenta, kowa na da izinin buɗe cikinta ya gyara, kuma ba ta da nauyi. Haliru ya zuba ta a fulash, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, ya rataya a wuya tare da mabuɗin babur, shi ke nan ya zama likitan matattun kwamfutoci.

Hannunsa na da kyau, wannan ba musu. Aibinsa guda ne, gaggawa: kana cikin bayani ya riga ya kwance sukurori. Abu ɗaya ne bai taɓa wasa da shi ba. Ranar da aka ba shi wurin, Liman ya gindaya masa sharaɗi, da an tayar da iƙama janaretonsa ya yi shiru. A kan haka aka tashi wanda ya riga shi zama.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, sai ga wani manomi daga Horo Birni, Ɗanjuma, da kwamfuta a naɗe cikin zane. Ɓarayi sun kore masa shanun huɗa biyu. 'Yan banga sun ƙwato garken an kai garin Shagari, amma wani ya fito ya rantse shanun nasa ne. Aka ce kafin magariba kowa ya kawo shaida. Shaidar Ɗanjuma hotuna ne da 'yarsa Safinatu ta ɗauka, ta juye a kwamfutar kafin wayarta ta ɓace, ga kwamfutar ta ƙi tashi.

"Malam Haliru, in babu shanun ga ba ni noma bana," in ji shi. "Ga damana bisa kai."

"Kwantad da hankalinka, Baba. Yanzun nan za ka gane su."

Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, sai da wutar janareto ta kama. Haliru ya soka fulash, Linuks ta buɗe daga cikinsa, ga hotunan nan a jere. Amma da ya taɓa ɗaya sai komai ya daskare. Mai natsuwa da ya sake kunnawa ya kwafe su a waya tukuna. Haliru kuwa tsaki ya yi, ya ce bari ya girka manhajar gaba ɗaya a cikin kwamfutar, ai ta fi sauri. Ya zaɓi a zaunar da ita kusa da Windos, ya danna.

To, kafin ta samu wurin zama, sai ta matsar da duk abin da ke cikin rumbun kwamfutar gefe guda, kamar mai tura gero don ya zuba dawa. In wuta ta ɗauke ana tsakar wannan, komai na iya watsewa. Wani ɗan layi mai nuna inda aikin ya kai ya fito a allon yana rarrafe. Ko rabi bai kai ba ladan ya kira azahar.

Haliru ya dubi layin, ya dubi katanga. Mutane sun fara ɗaukar butoci.

"Lahiya dai?" in ji Ɗanjuma.

Tsoro ya hana shi ƙarya. "Baba, na yi ganganci. In injin ga ya mutu yanzu, hotunan ka iya tahiya. Kuma in anka tada salla, tilas in kashe shi."

Ɗanjuma bai zage shi ba, da ma ya zage shin da ya fi sauƙi. Ya dubi janareton kawai, ya ce, "Ƙara tai ce ba a so, ko?"

"Ita ta."

"To mu kai shi inda ba a jiya."

Haliru ya fizge cajojin wayoyin mutane, ya bar na kwamfutar kaɗai. Mariƙin janareton ya daɗe da karyewa, kuma in an karkata shi mutuwa yake. Ɗanjuma ya durƙusa ya rungume shi da hannu biyu, injin na aiki, ya miƙe da shi a ƙirji. Haliru ya ɗauki kwamfutar a buɗe, babban yatsansa danne da bakin caja, don ramin ya saki. Wayar wutar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawon igiyar akuya ba.

Haka suka ratsa kasuwa, ƙafa da ƙafa. "Hanya! Don Allah hanya!" Wani mai amalanke ya kusa shiga tsakaninsu, Haliru ya daka masa tsawar da bai san yana da ita ba. A bakin kwata ƙafar Ɗanjuma ta goce, injin ya yi tari, ya yi ƙasa da murya. Sai ya sake kamawa. Daga bayansu suka jiyo iƙama, ba su waiwaya ba sai da suka kai bayan buhunan albasa, inda kabbarar Liman ke zuwa sama-sama.

Nan suka ajiye shi a hankali, suka tsuguna. Layin ya tsaya cak, har Haliru ya fara salati a fili. Sannan ya motsa, ya cika. An sallame salla kafin kwamfutar ta gama ta sake tashi.

Hoton ya buɗe. Ga Ɗanjuma da rigar Salla tsakanin shanunsa, fari da ja, jan da karyayyen ƙaho. Haliru ya kwafe duka a wayarsa. Aikin bai kai tsawon alwala ba, kuma shi ne abin da ya kamata ya fara yi.

Ya juyo da murna, sai murnar ta koma ciki. Hannun rigar Ɗanjuma ya ƙone, fatar damtsensa ta saɓule inda salansar injin mai zafi ta kwanta a kai tun daga bakin masallaci.

"Baba! Mi ya hana ka magana?"

"In na yi magana ka tsaya." Bai ko dubi hannun ba, allon yake leƙe da idanunsa da ba su gani sosai. "Ƙahon ya hito dai?"

"Ya hito," in ji Haliru.

Suka yi azaharsu a kan buhu. Ranar, kasuwa na ci, aka ga rumfar Haliru a rufe. Shi ya goya Ɗanjuma a babur, suka tsaya aka ɗaure ƙunar, suka kama hanyar Shagari. Tun da yake hawan babur bai taɓa tafiya a hankali irin ta wannan rana ba, har sai da tsohon ya taɓa masa kafaɗa da hannun mai lafiya ya ce, "Ɗana, yanzu kam yi sauri."