Shekarar da cika-ciki ya iske ni a gida

Shekarun baya ina aiki a wani kamfani a Fatakwal, hutunmu ɗaya ne tak: ƙarshen Disamba, lokacin da abokan aikina ke tafiya garuruwansu bikin sabuwar shekara. Ni ma sai in kama hanyar ƙauyenmu a Dandamisa. Amma a wurin mahaifiyata shekara ba ta sabunta a Janairu. Tata sabuwar shekarar watan Muharram ce, da daren cika-ciki. Tun layya take soye wutsiyar rago ta adana, ranar ta zuba a miya, ta tasa 'ya'yanta a gaba kowa ya ci har ya kasa tashi.

Ni kaɗai nake rasa wannan tuwon, don a lokacin Muharram yana kamawa ne bayan hutuna ya ƙare. Wata shekara na ce mata, "Inna, ki ajiye min wutsiyar mana, in na zo Disamba a dafa." Ta ce, "Ji ɗan boko! An taɓa yin cika-ciki ba a watansa ba? Naku watan a tsaye yake, namu kuwa tafiya yake yi, kowace shekara yana matsowa baya. Ka yi haƙuri, zai iske ka."

Na yi dariya, amma a zuci lissafi na shiga yi. Tana fama da ciwon ƙirji, ga shi saura shekaru kafin watan ya iso. Daga nan duk kalandar da ta shigo hannuna, ƙananan lambobin Hijira nake fara dubawa, ni da a da sai na tambaya kafin in san watan da ake ciki.

Allah da ikonsa, watan ya iske ni a gida. Ranar na ci tuwon dawa har ƙannena suna yi min tsiya. Ita ko loma uku ba ta yi ba, tana zaune tana tura min nama. Sau biyu muka samu haka. Kafin na uku ta rasu.

Har yau in cika-ciki ya zo ina kewarta ƙwarai. Yanzu ya gangaro cikin damina, yana ci gaba da tafiyarsa. Na duba, kafin ya sake komawa Disamba, in da rai, ni ne zan zama tsohon da ke zaune yana jiran yara su sami hutu.