Haruffan da Suka Zuba a Ƙasa: Ta'aziyyar Levi Kumai

Ranar Talata, 8 ga watan Yulin 2025, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina kallon hadari, wani mai babur ya tsaya ya ce mini Baba Levi Kumai ya rasu. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin kasuwar citta, ya ja babur ɗinsa ya wuce. Bai san mutumin da ya ambata shi ne abokin da na fi daɗewa da shi a duniya ba. Bai kuma san shekara takwas ke nan rabona da ƙofarsa ba. Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma.

Levi, yau da kai zan yi magana, tunda lokacin da kake iya amsawa na ƙi yi. Na yi maka ƙazafi a gaban jama'a, na san ƙazafi ne, na kuma bar ka ka tafi da shi ban wanke ka ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Amma kafin in kai can, bari waɗanda ba su san ka ba su san wanda aka rasa.

A shekarar 1979 muka haɗu a gidan haya ɗaya a nan Kafanchan. Ni na dawo daga Zariya da digiri, ina ganin takardar da ke hannuna za ta gyara ƙasar nan. Kai kana gyaran injin jirgin ƙasa, kullum hannunka baƙi da mai. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa da duba makarantu, na fita da hawan jini da ciwon ƙafa da akwatin takardun yabo da gara ta cinye rabinsu. Yaran da na koya wa lissafi su ne yau ke wuce ni a mota mai baƙin gilashi. Kai kaɗai ne ba ka daina kira na Farfesa ba, kuma kai ma tsokana kake yi.

Da ka ajiye aiki, abokan aikinka suka koma gindin mangwaro suna dara da ƙorafi. Ni ma can na dace da zama. Kai kuwa sai ka jawo tsohon keken ɗinkin matarka Yemima zuwa rumfar bayan gida, ka cire kansa, ka ɗaura masa hannaye biyu na katako, ka ɗaure siririn zarto a tsakaninsu, wanda bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Idan ka taka fedar, zarton ya riƙa hawa da sauka. Ina nan ranar da Yemima ta gani.

Ta ce, "Baban Caroline, ka kashe mini keke!"

Ka ce, "Ban kashe shi ba, Mama. Na canja masa aiki ne, kamar yadda aka yi mini."

Na sha zama a rumfar nan ina kallonka. Za ka manna takardar zane a kan filawud ko fallen maɗaci, ka huda ƙaramin rami, ka zura zarton ta ciki, ka ɗaure, sannan ka riƙa taka feda kana juya katakon da yatsu har zanen ya fito. Abin da ka yanke daga tsakiya ya faɗi ƙasa, ka kwance zarton, ka zura shi a rami na gaba. Wani aikin yana da rami ɗari. Sau ɗaya ka ba ni in gwada, na karya zarto uku a zama ɗaya.

Ka ce, "Farfesa, tashi. Kana tura katako kamar kana tura yara su ci jarrabawa. Koma can ka yi mana Turanci, ni in yi aiki."

Daga baya 'yarka Caroline ta kawo maka injin zarto mai aiki da lantarki. Ka yi godiya, ka rufe shi da zane, ka ce za ka yi amfani da shi duk ranar da wuta ta yi awa uku ba ta ɗauke ba. Ban san ko ka taɓa buɗe shi ba.

Ba ka mai da wannan aiki sana'a ba. Duk abin da ya fito daga rumfar nan kyauta yake tafiya. Ka yanka taswirar Najeriya jiha-jiha, a wargaza a haɗa, ka kai wa firamaren unguwarmu. Ni da na yi shekaru ina rubuta rahoto cewa makarantu ba su da kayan koyarwa, ban taɓa ganin rahotona ya haifar da ko allo ɗaya ba. Ka yi agogon bango, ka yi allunan "Barka da Zuwa" da ke rataye a gidajen Kirista da Musulmi, ka yi ayoyi don coci. Da ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe yatsun matata Asibi har cokali ya gagare ta riƙewa, sai ka aiko Yemima da takarda da fensir ta zana hannunta, domin ka san ba zai dace ka yi da kanka ba. Bayan kwana biyu aka kawo cokali da mariƙin katako mai ramuka daidai yatsunta. Da shi ta ci abinci har ta bar duniya.

To, ga abin da na yi maka.

A shekarar 2017 ni na je na roƙe ka ka yanka mini Bisimilla da rubutun Larabci, in rataya a ɗakin baƙi. Ni na kawo takardar, wani malami ya rubuta da hannunsa. Ka tambaye ni ko a bar haruffan a cire gefensu, ko a cire haruffan a bar allon, domin haske ya riƙa ratsowa ta gurbinsu. Na ce a cire haruffan, zai fi kyau a jikin taga. Ni da na ga yadda kake aiki sau ba adadi, na san duk abin da aka cire ƙasa yake faɗawa. Na kuma san ba ka iya karanta ko harafi ɗaya na Larabci ba. A wurinmu ba a barin sunan Allah a ƙasa, ko a takardar ƙunshin ƙosai aka gan shi sai an ɗauke. Kalma ɗaya ta ishe ni in gaya maka. Ban tuna ba, domin hankalina yana kan yadda baƙi za su yaba.

A rana ta uku, bayan azahar, na zo da mutum biyu daga masallacinmu don in yi alfahari da aikin abokina. Ɗayansu Malam Irfan ne, mutum mai saurin hawa. Muka same ka kana goge allon da samfefa, kana murmushi. A ƙarƙashin keken, cikin dusar katako, ga haruffan a zube. Sunan Allah ya fita ɗungurungum, ana iya karanta shi daga bakin ƙofa, gefen silifas ɗinka yana kansa, kaza tana tono a kusa.

Na ga fuskar Malam Irfan ta canja, na ga ya juyo yana kallona. A wannan lokaci abin da ya zo mini shi ne kada a ce da sanina aka yi. Sai na riga shi ɗaga murya. Na ce, "Levi, ka taka sunan Allah!" Na faɗa da ƙarfin da masu wucewa a titi suka ji.

Ka ɗaga ƙafarka kamar ka taka garwashi. Ka ce, "Wanne ne, Farfesa? Nuna mini wanne ne." Ka durƙusa kana lalube cikin dusa, ba ka ma san abin da kake nema ba. Na juya na fita.

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da irin wannan magana ke iya jawowa. Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa, kuma a kasuwa an ƙara mata gishiri. Kafin rana ta faɗi kai da Yemima kun hau mota zuwa Madakiya, garinku. Allah Ya saka wa mai unguwa da limaminmu da fastonku da alheri, su suka tsaya har abin ya lafa ba a zubar da jini ba. A zaman da suka kira, liman ya dube ni ya ce, "Malam Ƙasimu, kai ka fi kowa saninsa. Da gangan ya yi?" Amsar tana bakina. Amma na ga idanun da ke kaina, na ce, "Allah ne Ya san zuciyarsa." Duk karatuna abin da ya amfana mini ke nan a ranar, ya ba ni kalmomin da zan ɓuya a bayansu.

Ka dawo bayan wata guda, ka tarar maƙwabtan da allunanka ke rataye a ƙofofinsu sun daina amsa gaisuwarka. Kafin ƙarshen shekara ka bar unguwar da ka zauna shekara talatin, ka koma ɗaya gefen gari. Amma kafin ka tashi ka zo ƙofar gidana. Ina ciki ina jin muryarka, na ce a ce ba na nan. Ka bar wa Asibi ƙunshin farin ƙyalle. Ka tsince haruffan kaf, har ɗigo-ɗigon, ka goge su, ka ce a kai wa wanda ya san yadda ake yi da su. Ita ta aika wa liman ya binne su. Ta yi mako ba ta yi mini magana ba. An ce tun daga lokacin ba ka ƙara yanka rubutu ba sai ka shimfiɗa zane a ƙarƙashin keken, ko na coci ne.

Da Asibi ta rasu ka zo jana'iza, ka tsaya daga nesa a bakin maƙabarta. Na gan ka, na sunkuyar da kai. Kowace shekara ina cewa bayan Sallah zan je. Ba ƙiyayya ta hana ni ba, kunya ce da girman kai. Na gama zagin shugabanni a kan rashin gaskiya a kowace majalisa, alhali gaskiya ɗaya tak da aka tambaye ni na kasa faɗa.

Ranar Asabar, 19 ga wata, aka binne ka a Madakiya. Na hau babur cikin yayyafi na je. Da aka zo lokacin da abokai ke ba da shaida a kan mamaci, na ɗaga hannu. Ɗanka Francis ya gane ni, ya miƙo mini lasifika. Na ce ni ne Ƙasimu. Na ce Levi bai taɓa wulaƙanta sunan Allah ba, ni na kawo aikin, ni na zaɓi yadda za a yanka, ni na ƙi gaya masa, ni kuma na yi masa ihu don in tsira da mutuncina. Na koma na zauna.

Bayan an tashi na je na durƙusa a gaban Yemima.

Ta ce, "Malam Ƙasimu, ka zo latti. Shi kam ya yafe maka tun satin farko. Kowane Sallah sai ya tambaya ko an gan ka a Idi, ko ƙafa naka ya yi sauƙi. Ni ne ban yafe ba. Ni ne na kwashe tukwane na daga gidan da na haifi yara na duka."

Na ce, "Mama, ba ni da abin cewa."

Ta ce, "Kana da shi. Abin da ka faɗa yau, mutanenmu sun sani tuntuni. Ba mu ne muka daina gaishe shi ba. Je ka faɗa wa naka."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan sallar la'asar, na nemi izinin liman na miƙe a masallacin unguwarmu, na maimaita abin da na faɗa a Madakiya, ban rage komai ba. Wasu suka ɗauki takalmansu suka fita. Liman ya tsufa ƙwarai yanzu. Ya ce, "Wannan amsar na jira shekara takwas." Malam Irfan kuwa, washegari an gan shi a tashar motar Madakiya. Ban tambaye shi inda ya je ba.

Wannan rubutu na sauran ne, waɗanda suka ji labarin a kasuwa suka tafi da shi Manchok da Jere da Kaduna. Duk wanda ya taɓa jin an ce Levi Kumai ya taka sunan Allah da gangan, ya sani ƙarya ce, kuma daga bakina ta samo tushe. Wanda ya isar da ita a wancan lokaci, ina roƙonsa ya isar da wannan.

Levi, wani ya ja ni gefe ya ce in yi hattara da irin addu'ar da zan yi maka. Na ji, ba ni da ilimin gardama da shi. Na miƙa al'amarinka ga Allah Mai rahama, wanda Ya ga abin da ya faru a rumfar nan, Ya kuma san wanda ya yi ganganci tsakanina da kai. Ina roƙon kada Ya tozarta alherin da ka yi wa bayinsa, Ya kuma gafarta mini abin da na ɗora maka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Caroline da Francis da jikokinka, da dangi baki ɗaya a Madakiya da Kafanchan, da jama'ar cocinku. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci abin da ya bari, Ya zaunar da garinmu lafiya. Mama Yemima, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Na faɗa wa nawa kamar yadda kika ce. Ban yi don ki yafe mini ba, wannan yana hannunki. Zan riƙa zuwa gaishe ki muddin ƙafata na ɗauka ta, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Ƙasimu Abubakar
Kafanchan