Mukhtaru Mai Zuba Gahawa

Duk wanda ya tashi a unguwar Tandabawi ta Makka ya san fuskar Mukhtaru. Nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa. Kakansa ne ya tako daga Sakkwato ya sauke farali, ya ga wuri ya zauna. Mukhtaru ya taɓa ɗinki, ya taɓa jigilar alhazai daga tashar motar Kudai, kafin wani abokinsa ya ja shi Jidda wurin masu wasan talabijin, wai suna neman dogon baƙin mutum ya tsaya a bakin ƙofa. Ya je ya tsaya.

Da baƙin gashi ya shiga harkar, a ciki ya yi furfura. Shi ne maigadi, shi ne direba, shi ne mai zuba gahawa a zauren attajiri. An kashe shi a wasa ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya ba a nuna jana'izarsa ba. Maganarsa ba ta wuce "Hadir, ya ammi," wato an gama, ranka ya daɗe.

In ana nuna shi a talabijin, yayarsa Fatsuma takan ce, "Kai Mukhtaru, na duƙa ɗaukar carbi, ina ɗagowa ka wuce!"

Sai ya yi dariya. Yana son aikinsa, kuma babu wanda ya taɓa ci masa fuska a ciki.

Ana nan sai ga sabon darakta, Bandar, yaron da Mukhtaru ya isa ya haifa. Ya ba shi abin da ya daɗe yana jira: doguwar magana, da sunansa a rubuce a farkon shiri. Amma fa sai ya karya harshe, ya yi Larabcin kame-kame kamar jiya ya sauka daga jirgi, yana zare ido, a yi masa dariya.

"Ya ammi, ai haka takari suke magana," in ji Bandar.

"Wane takarin? A Makka aka yanke mini cibiya, ɗana."

"Wasa ne kawai. In ba za ka iya ba, akwai wasu."

Akwai wasu kam, kuma Mukhtaru ya san in tsoho ya ƙi aiki ba a sake kiransa. Ya kuma san da azumi za a haska shirin, kowane gida na kallo bayan buɗa-baki, sannan da wannan karyayyen harshen za a riƙa tsokanar mutanen unguwarsa a kasuwa da makaranta.

Aka kunna kyamara. Mukhtaru ya ɗauki butar gahawa da hagu, kofi da dama, ya wuce attajirin wasan kamar bai gan shi ba, ya miƙe har kujerar Bandar. A al'adar Larabawa ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo a gindin kofi, don a yi ta ƙara masa ana hira. In aka cika maka kofi, an ce ka sha ka kama gabanka. Mukhtaru ya cika shi fal, har baki.

"Bismilla."

Ya ajiye butar. Ya tuɓe rigar wasan, ya ninke ta, ya hau motar Makka.

Aka ba wani matsayin, shi kuma ba a ƙara kiransa ba har yau. Da Fatsuma ta ji labari sai ta riƙe haɓa.

"Wannan wace irin kora ce? Ka sallami mutum, kuma kai ne a waje?"

"Ni ne a waje, Yaya. Amma da harshena na fito."