Jan Bakinmu Ba Goro Ba Ne

Assalamu alaikum. Masu cigiyar ina Rabi ta shige tun kafin azumi, ga ni. Ina raye. Haƙori ɗaya ya tafi, zuciya kuwa har yau ba ta dawo daidai ba.

Mu a gidanmu na Gummi jini ba ya tsayawa da wuri. Ko asuwaki na goga sai dasashi ya ɓalle. Tun ina ƙarama Inna ke ɓantaro mini goro ta ce, "Tamna, ɗiyata. Kowa ya gani shi ce goro na." Ita ma bakinta kullum ja wur. Tsoronta kada gari ya ji muna da ciwo a jini, a guji auren 'ya'yanta.

Bara mai cire haƙori na kasuwa ya cire wa ƙanwata Hauwa'u haƙori a Zugu, inda take aure. Jini ya ce bai san tsayawa ba. Aka yi ta ba ta ruwan gishiri tana kurkurawa, aka ƙara mata da asfirin. Hanya ba lafiya, masu babur suka ƙi fita. Kafin a samu mai ƙarfin hali, Hauwa'u ta cika. Ta bar 'yarta Nana a hannun Inna.

Aka ce kwana ya ƙare. Muka rufe maganar jinin.

Da nawa haƙorin ya fara, wallahi ɓoyewa na yi. Kanumfari, man zafi, ba abin da ban cusa ba, har kumatu ya haye kamar na ƙunshi dawo. Dole Inna ta raka ni asibiti.

Likitan haƙori ya tambaya, "In kin yanke, jini na daɗewa? Wajen haihuwa fa? Wannan jan na dasashi na mene ne?"

Inna ta riga ni. "Lahiyatta lau, likita. Goro na taka ci." Ta mintsine ni a cinya.

Na dubi ƙarafan da ke kan faranti, sai fuskar Hauwa'u ta faɗo mini. Na ce, "Likita, ba goro ba ne."

Ya ajiye abin hannunsa, ya tura mu babban asibiti a Sakkwato. Sai da maigidana ya sayar da tumakinsa. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, jiran sakamako ya ishe ni. Suka ce ciwon gado ne, sinadarin da ke daskarar da jini ne ya yi mana ƙaranci. Sunansa na Turawa har yau bakina bai iya shi ba.

Sai da aka ɗaura mini ruwan magani kafin a taɓa haƙorin. Aka cire, aka ɗinke, aka ba ni ƙwayoyin tsayar da jini, aka hana ni kurkure baki. Na kwanta ina jiran mutuwa. Jinin ya tsaya.

Na tambayi likitar da ke duba ni, da an yi wa Hauwa'u haka fa? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Rai na Allah ne. Amma ana cire wa irinku haƙori su tashi."

Inna na zaune bakin gado, ta ji. Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Aka sallame ni, muka dawo Gummi.

Washegari ta shigo ɗakina riƙe da hannun Nana. Ta buɗe bakin yarinyar, ga dasashi ja. Ta ce, "Ku kai ta. Ban ba ta goro ba, ko sau guda."

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da maigidana, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, in jini na daɗewa a danginku, ku faɗa wa likita kafin ya taɓa bakinku. Kada ku kai haƙori kasuwa. Kada ku sha asfirin da ka, ƙara tsinka jini yake. Kunya ba ta tsayar da jini, mun gwada.

Inna ta bar goro. Jiya maƙwabciya ta ce mata bakinta ya yi ja, ta dube ta ta ce, "Jini na. Shi yak kashe mini Hauwa'u."

Allah Ya jiƙan ƙanwata.